Shari'ar John Yakubu Yusuf

Shari'ar John Yakubu Yusuf shari'a ce ta almundahanar kuɗin fanshon 'yan sandan Najeriya, wadda Babbar Kotun Birnin Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncinta na farko ranar 28 ga Janairu, 2013. Yusuf, wanda wasu takardu ke rubuta sunansa Yusufu, tsohon mataimakin darakta ne a Ofishin Fanshon 'Yan Sanda. Ya amsa laifin hannu a karkatar da fiye da naira biliyan 20, amma kotu ta ba shi zaɓi tsakanin zaman shekara biyu a gidan yari da biyan tarar naira 750,000. Ya biya tarar a ranar, ya koma gida.

Hukuncin ya jawo fushin jama'a, ya sa aka dakatar da alƙalin da ya yanke shi, kuma sai da aka kwashe shekara tara kafin Kotun Ƙoli ta rufe maganar a 2022. Har yanzu yana cikin misalan da ake yawan kawowa a Najeriya idan ana muhawara a kan sassaucin hukunci da abin da yake jawo wa waɗanda aka cuta.

Ma'anar kalmomi

A maganar yau da kullum akan haɗa kalmomin sassauci, afuwa da sulhu, alhali a fagen shari'a kowace da inda ta dosa. Sassauci shi ne alƙali ya yanke hukunci mai sauƙi bayan an tabbatar da laifi. Afuwa kuwa ikon shugaban ƙasa ne ko gwamna, kuma tana zuwa ne bayan kotu ta gama nata aikin. Yarjejeniyar amsa laifi, wadda wasu ke kira cinikin hukunci, ita ce mai gabatar da ƙara da wanda ake tuhuma su daidaita: wannan ya amsa laifi ba tare da an yi doguwar shari'a ba, wancan ya rage yawan tuhume-tuhume ko nauyinsu. A shari'ar Yusuf an samu biyu daga cikin ukun, wato yarjejeniyar amsa laifi daga ɓangaren masu ƙara, da sassauci daga ɓangaren alƙali.

Asalin lamarin

Kafin 2004 gwamnatin tarayya ce ke biyan fanshon ma'aikatanta kai tsaye daga kasafin kuɗi. Dokar Gyaran Fansho ta 2004, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, ta kawo tsarin adashi inda ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki ke zuba wani kaso na albashi a asusun ma'aikacin kowane wata. Waɗanda suka riga suka yi ritaya, da waɗanda suka kusa, an bar su a tsohon tsari. Ofishin Fanshon 'Yan Sanda ne ke biyan tsofaffin 'yan sandan da ke cikin wannan rukuni.

Raunin tsohon tsarin a bayyane yake. Kuɗi na zuwa ofishin ne a dunƙule, jerin sunayen masu karɓa yana hannun jami'an da ke biya, kuma ɗan fansho ba shi da asusu nasa da zai duba ya ga abin da aka ware masa. Wannan ya buɗe ƙofar cusa sunayen bogi da fitar da kuɗi da sunan biyan da ba a yi ba.

A 2012 wani kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Aloysius Etok da Sanata Kabiru Gaya ya binciki yadda ake sarrafa kuɗaɗen fansho. A watan Maris na shekarar, Hukumar Yaƙi da Masu Yi wa Tattalin Arziki Ta'annati, wato EFCC, ta gurfanar da Yusuf tare da wasu jami'ai bisa zargin karkatar da naira biliyan 32.8. Da farko duk sun musanta.

Hukuncin 2013

A Janairun 2013 EFCC ta gyara takardar tuhuma, Yusuf kuma ya sauya matsayi ya amsa laifuffuka uku a gaban Mai Shari'a Abubakar Talba. Dukkan ukun an kawo su ne ƙarƙashin sashe na 309 na kundin Final Kod, wanda ke hukunta mai karkatar da dukiyar da ba tasa ba zuwa amfanin kansa.

Alƙalin ya yanke masa shekara biyu a kan kowane laifi, amma ya ce wa'adin uku za su tafi tare, ma'ana shekara biyu ke nan gaba ɗaya. Sannan ya ba shi zaɓin biyan naira 250,000 a kan kowane laifi a madadin ɗaurin. Ya kuma umarci ya sallama wa gwamnatin tarayya kadarori 32 da tsabar kuɗi kimanin naira miliyan 325. Lauyan EFCC, Rotimi Jacobs, ya nuna rashin amincewarsa da zaɓin tarar tun a cikin kotun.

Lissafi kaɗan ya isa a ga dalilin fushin jama'a. Idan aka auna tarar da naira biliyan 22.9 da kotun gaba ta ɗora masa daga baya, za a ga naira ɗaya ce ya biya a kan kowace naira dubu 30 da ɗoriya. A lokacin mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 18,000 ne a wata. Tarar ta yi daidai da albashin ƙaramin ma'aikaci ɗaya na kimanin shekara uku da rabi, alhali naira biliyan 22.9 za ta biya irin wannan ma'aikaci fiye da 100,000 albashin shekara guda cur.

Yadda doka ta ba da dama

Final Kod shi ne kundin laifuffukan da ke aiki a jihohin Arewa da Birnin Tarayya. Ya fara aiki a 1960, kuma an gina shi ne a kan kundin ƙasar Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Sashe na 309 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tara, ko duka biyun. Bai bambanta tsakanin wanda ya karkatar da naira ɗari da wanda ya karkatar da biliyoyi ba.

A cikin kundin akwai sassan da suka fi wannan tsanani. Sashe na 287 ya ba da damar ɗaure ɓarawo har shekara biyar. Sashe na 315, wanda ya shafi ma'aikacin gwamnati da ya ci amanar dukiyar da aka danƙa masa, ya kai shekara 14. Saboda haka masu sharhi suka raba laifin gida uku. Wasu sun ɗora shi a kan tsohuwar dokar da ba a sabunta ba. Wasu sun ɗora shi a kan EFCC, da ta yarda a yi amfani da sashe mafi sauƙi. Wasu kuma sun ce ko a ƙarƙashin sashe na 309 ɗin alƙali na da ikon haɗa ɗauri da tara mai nauyi, ya kuma sa wa'adin su biyo juna, don haka zaɓin tarar daga gare shi ya fito.

Martanin hukumomi da jama'a

Ƙungiyoyin farar hula sun yi zanga-zanga a Abuja, jaridu kuma suka yi ta kwatanta hukuncin da na talakawan da ke shafe shekaru a kurkuku saboda satar akuya ko wayar hannu. A Arewa an riƙa tuno da Buba Bello Jangebe, wanda aka yanke wa hannu a Zamfara a shekarar 2000 saboda satar saniya. Dokokin biyu ba ɗaya ba ne, kotunan ma daban suke, amma abin da mutane suka gani shi ne zaman kashin dankali, babba ya danne ƙarami.

EFCC, wadda Ibrahim Lamorde ke shugabanta a lokacin, ta sake kama Yusuf jim kaɗan bayan hukuncin, ta gurfanar da shi a Babbar Kotun Tarayya bisa wata sabuwar tuhuma ta ɓoye wasu kadarori a takardar bayyana dukiya. Ta kuma ɗaukaka ƙara a kan hukuncin na farko.

A watan Afrilun 2013 Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ƙarƙashin Alƙaliyar Alƙalai Aloma Mariam Mukhtar, ta dakatar da Mai Shari'a Talba na wata 12 ba albashi. Dalilinta shi ne bai yi amfani da ikon zaɓin da doka ta ba shi yadda ya kamata ba. Ya koma aiki bayan wa'adin, kuma a 2018 aka ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Ɗaukaka ƙara

Ƙarar EFCC ta yi kusan shekara biyar kafin a yanke ta. A watan Maris na 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Abuja ta soke zaɓin tarar, ta ce wa'adin shekara bibbiyu su biyo juna, jimilla shekara shida. Ta kuma ci shi tarar naira biliyan 20, da biliyan 1.4, da biliyan 1.5 a kan laifuffukan uku, wato naira biliyan 22.9. Abin lura shi ne kotun ba ta fita daga sashe na 309 ba. Da wannan sashen da aka ce ya yi rauni ta kai ga wannan hukunci, abin da ya ƙarfafa hujjar masu cewa matsalar 2013 ba ta doka kaɗai ba ce.

Yusuf bai shiga gidan yari nan take ba, domin ya yi ɓatan dabo. Sai a watan Yunin 2020 EFCC ta kama shi a jihar Gombe, kotu ta aika shi gidan yarin Kuje don ya fara wa'adinsa. A watan Afrilun 2022 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar da ya ɗaukaka, ta tabbatar da ɗaurin shekara shida da biyan naira biliyan 22.9.

Tasiri a kan waɗanda aka cuta

Waɗanda kuɗin ya shafa tsofaffin 'yan sanda ne, da matan waɗanda suka rasu da 'ya'yansu. Ma'aikaci a Najeriya yakan yi ritaya ne idan ya kai shekara 60 a duniya ko shekara 35 a bakin aiki, lokacin da ƙarfi ya ragu, kuɗin magani kuma ya ƙaru. Sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a riƙe wa ma'aikacin tarayya fanshonsa ko a sauya shi ta yadda zai cutu. Duk da haka, a shekarun da ake wannan almundahana an saba ganin 'yan fansho na bin bashin watanni, suna doguwar tafiya zuwa wuraren tantancewa, suna yini a kan layi. Wasu sun rasu ba su karɓi haƙƙinsu ba.

Cutarwa ta farko ita ce ta rashin murya. A shari'ar laifi, ƙara tsakanin gwamnati ce da wanda ake tuhuma. Wanda aka cuta shaida ne kawai idan an kira shi, kuma idan wanda ake tuhuma ya amsa laifi ba a buƙatar shaidu. Wannan ya sa aka ƙulla yarjejeniya aka yanke hukunci a kan kuɗin dubban mutane ba tare da tsarin ya tanadi wurin da za su faɗi abin da rashin kuɗin ya jawo musu ba.

Ta biyu ita ce ta inda dukiyar da aka ƙwato ke zuwa. Kadarorin da aka karɓe daga Yusuf gwamnatin tarayya aka sallama wa. Ƙwace kadara daban ne da biyan diyya: na farko yana raba mai laifi da abin da ya tara, na biyu kuma yana mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa a hannu. Ɗan fansho na iya jin an ƙwace gidaje a rediyo, bashinsa kuma yana nan.

Ta uku ita ce ta lokaci. A farkon 2013 dalar Amurka ɗaya tana kusan naira 157 a farashin gwamnati. A Afrilun 2022 ta kai kusan naira 415. Ke nan naira biliyan 22.9 da ta kai kimanin dala miliyan 145 a lokacin hukuncin farko, ta koma kimanin dala miliyan 55 a lokacin hukuncin ƙarshe. Ko da an biya kuɗin duka, abin da zai saya bai kai rabin na da ba, kuma tsohon da ke da shekara 70 a 2013 ba shi da tabbacin ganin 2022.

Ta huɗu ta shafi waɗanda ke bakin aiki. Ɗan sandan da ya ga abin da ya sami magabatansa, ya kuma ga tarar da aka ci wanda ya cuce su, zai yi wuya ya yarda cewa gaskiya da haƙuri za su riƙe shi a tsufansa. Masu nazarin aikin ɗan sanda a Najeriya sun daɗe suna danganta karɓar na goro a kan hanya da ƙarancin albashi da fargabar rayuwa bayan ritaya.

Shari'o'i makamanta

Shari'ar Yusuf ba ita ce ta farko ba. A 2005 an yanke wa tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda, Tafa Balogun, ɗaurin wata shida bayan ya amsa laifi. A 2007 tsohon gwamnan Bayelsa, Diepreye Alamieyeseigha, ya samu shekara biyu, ya fito cikin 'yan kwanaki saboda an lissafa zaman da ya riga ya yi a tsare, sannan Shugaba Goodluck Jonathan ya yi masa afuwa a Maris 2013. A Disambar 2008 Babbar Kotun Tarayya da ke Inugu ta ci tsohon gwamnan Edo, Lucky Igbinedion, tarar naira miliyan 3.5. A Oktoban 2010 tsohuwar shugabar bankin Oceanic, Cecilia Ibru, ta samu wata shida, tare da sallama kadarorin da aka ƙiyasta sun haura naira biliyan 190.

A fannin fansho kuma, Abdulrasheed Maina, wanda aka naɗa ya jagoranci kwamitin gyaran tsarin, shi ma an same shi da laifin halatta kuɗin haram a wata shari'a ta daban, aka ɗaure shi shekara takwas a Nuwamban 2021.

Muhawara

Masu kare yarjejeniyar amsa laifi na cewa shari'ar manyan mutane a Najeriya kan ɗauki shekara goma ko fiye, shaidu su mutu, takardu su ɓace, a ƙarshe a tashi a tutar babu. A wurinsu gara a karɓi kadarori da amsa laifi yau da a jira hukuncin da ba lalle ya zo ba. Suna kuma nuni da cewa kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin ƙasar jiran shari'a suke yi, don haka duk abin da zai rage cunkoson kotuna yana da amfani. Masana ilimin laifuffuka da dama ma sun tafi a kan cewa tabbacin za a kama mutum a hukunta shi ya fi tsananin hukuncin tasiri wajen hana laifi.

Masu suka, ciki har da tsohon Alƙalin Alƙalai Dahiru Musdapher, wanda ya fito fili ya soki tsarin, na ganin ya zama mafakar shafaffu da mai. Hujjarsu ita ce idan tarar ta yi ƙasa da ribar laifin nesa ba kusa ba, to ta zama kuɗin shiga kasuwa, ba horo ba. Suna ƙara da cewa talaka ba ya cin moriyar tsarin, domin ba shi da kadarar da zai yi ciniki da ita ko babban lauyan da zai yi masa.

Akwai kuma masu gargaɗin cewa hukunta alƙali saboda jama'a sun fusata na iya sa alƙalai su riƙa tsananta hukunci don tsoro, wanda kuma talakawa ne za su fi ɗanɗana kuɗarsa. A ganinsu maganin hukuncin da ya yi sauƙi shi ne ɗaukaka ƙara cikin hanzari da ƙa'idoji bayyanannu.

Sauye-sauyen da suka biyo baya

A 2013 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar PTAD, wadda ta karɓi aikin tsofaffin ofisoshin fansho, har da na 'yan sanda. A 2015 aka sanya hannu a kan Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka, wato ACJA. Sashe na 270 na dokar ya shimfiɗa ƙa'idojin yarjejeniyar amsa laifi: dole ta kasance a rubuce, a tuntuɓi wanda aka cuta ko wakilinsa, a kuma ba shi damar faɗin ra'ayinsa har da batun diyya. Idan alƙali ya ga hukuncin da aka daidaita a kai ya yi sauƙi, zai sanar da wanda ake tuhuma, shi kuma ya zaɓi ko ya karɓi mafi nauyi ko ya janye a yi cikakkiyar shari'a. Sashe na 319 ya ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya diyya. A 2016 kotunan Birnin Tarayya suka samu ƙa'idojin yanke hukunci, a 2022 kuma aka yi dokar kula da dukiyar da aka ƙwato daga masu laifi.

Giɓin da ya rage shi ne na laifin da ya shafi dubban mutane a warwatse. Doka ta ce a tuntuɓi wanda aka cuta, amma idan aka ɗauki gwamnati a matsayin wadda aka cuta, to mai ƙara da wanda aka cuta sun zama abu ɗaya, ɗan fansho kuma ya sake zama ɗan kallo.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata sanarwa a 1985 da ta nemi a riƙa sauraren waɗanda aka cuta, a kuma biya su diyya. A Ingila da Wales, wata doka ta 1988 ta ba Babban Lauyan Gwamnati ikon miƙa hukuncin da ya yi sauƙi fiye da kima ga Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma kowa na iya neman a duba. A Amurka ana ba wanda aka cuta damar yin jawabi kafin a yanke hukunci. A jihar Kalifoniya, bayan an yanke wa Brock Turner wata shida kacal a 2016 kan laifin cin zarafin wata mata, masu zaɓe sun tsige alƙalin, Aaron Persky, a 2018.

Halin da ake ciki

Batun fanshon 'yan sanda bai mutu ba, sai dai ya sauya salo. A watan Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda sun yi zanga-zanga a Abuja suna neman a cire su daga tsarin adashi na 2004, saboda a cewarsu abin da suke karɓa a wata ba ya riƙe gida. Wannan ƙorafi daban ne da almundahanar da aka tuhumi Yusuf a kanta, wadda ta shafi tsohon tsari, amma duka biyun sun taru a kan tambaya ɗaya, wato wa ke tsaya wa ɗan sanda bayan ya ajiye kaki.